Manyan Tayoyin Bahijja

Roni, Litinin

Zuwa ga ƙanwata Bahijja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Inna da kowa a ruga.

Na rubuto ne saboda kin daina ɗaga wayata. Bidiyon ya iso har ofishinmu: motata tana ja da baya a hawan dutse, jarkokin madara suna kifewa, ke kuma kina salati ta tagar direba. Masinja ne ya fara nuna mini, yana danne dariya.

Na ba ki aron a-kori-kurar nan don ki riƙa kwaso madarar matan rugage zuwa Kazaure. Ban ce ki sa mata tayoyi kamar na tarakta ba. Tun da kika sa su ba ta da ƙarfi, kuloci yana ƙauri, ga shan mai. Ki mayar da tayoyinta na asali, ki nemi direba namiji. Ba shawara nake ba ki ba.

Na gaishe da Inna.

Yayanki,
Daudu Maikasuwa

Gwiwa, Alhamis

Hamma Daudu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya aiki, ya su Zaituna da yara? Inna tana amsawa.

A waya idan ka ɗaga murya sai bakina ya mutu, shi ya sa na gwammace takarda.

Ka ga bidiyon dutse. Ba wanda ya ɗauki bidiyon bara, lokacin da ƙananan tayoyinka suka nutse a yashin rafi, muka wuni muna tono, madarar rugage huɗu ta tsinke a rana. Goggo Fatu, ɗaya daga cikin matan, ta zauna a ƙasa tana kallon jarkarta. Tun da na sa manyan, ban sake kafewa ba.

Ƙarfin ne ya ragu, na yarda. Na kai motar Babura wajen wani bakanike, Malam Zaharadeen. Ya ce babbar taya ta fi nauyin juyawa, sai an canza haƙoran da ke cikin aksul, wato ƙarfen da ke juya tayoyi, yadda inji zai ƙara zagaye kafin taya ta juya sau ɗaya. Ya ce dole a canza gaba da baya iri ɗaya, in ba haka ba ranar da na sa ta a giyar ja da ƙafa huɗu, na gaba da na baya za su yi ta jan juna har wani abu ya karye. Haƙoran baya yana da su. Na gaba ya aika a nemo a Nijar.

Tayoyin ba za su fita ba, Hamma. Ni ma ba zan fita daga kujerar direba ba. Ka yi haƙuri.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Bahijja

Roni, Lahadi

Bahijja,

Sallama da gaisuwa.

Tunda abin ya zama haka, ki tuna sunan wa ke kan takardun mota. Na yi magana da Alhaji Muhammad Sani, dillalin motoci a Kazaure. Ranar Talata zai zo ya ɗauke ta duk inda take.

Ba mugunta ba ce. Da motar nan ta kife da ke a dutsen, wa zai je ya gaya wa Inna? Ni ne. Kin yi tunanin wannan?

Allah ya shirye ki.

Daudu

Babura, Asabar

Hamma,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka wuni lafiya.

Alhajinka ya zo. Ya tarar da motar a kan kututture, ba taya ko ɗaya, cikin aksul a baje kan buhu, ni kuma ina wanke haƙora da kananzir.

Ya zagaya ta, ya ce, “Hajiya, ina sauran motar?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, abin da ke kan takarda ga shi nan, ɗauki. Tayoyi da haƙora nawa ne, awakina na sayar na saya.”

Ya ce, “To da me zan ja ta?”

Na ce, “Wannan sai ka tambayi wanda ya aiko ka.”

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya shiga motarsa ya tafi. Ban yi masa rashin kunya ba, har ƙasa na durƙusa na gaishe shi.

Haƙoran gaban sun iso jiya. Da farko aksul ya riƙa kuka, Malam Zaharadeen ya sake kwancewa, ya shafa wa haƙoran fenti ya duba inda suke cizon juna, ya gyara zamansu. Yau da safe muka fita hanyar Kanya Babba, na sauka daga kwalta na shiga yashi da buhunan gero a baya. Hamma, ko tari ba ta yi ba. Na tsaya a tsakiyar yashin da gangan, na sake tashi.

Maganarka ta Inna ta tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Amma ba tsayawata ce maganin ba, gyaran ne, kuma an yi. Gobe zan koma ɗaukar madara. In za ka turo ’yan sanda, ka ce su same ni a mashigin rafi, su zo da abin tono don motarsu.

Na gaishe ka da girmamawa.

Bahijja

Roni, Juma’a

Bahijja,

Gaisuwa.

Kin sauke Inna a ƙofar gidana kin juya, ko shigowa ba ki yi ba. Rabonta da gidan nan tun sunan ’yata Nafisat, yau ga ta a kan tabarma tana ba yara labarin yadda kuka ƙetare rafi. Na ce zan sa a mayar da ita a motar ofis. Ta ce ita ba ta shiga motar da ke tsoron yashi.

Ki zo ranar Laraba ki ɗauke ta. Takardun motar suna cikin jakarta.

Ban ce na yarda ba. Ki riƙa tafiya a hankali.

Yayanki,
Daudu