Ƙorafi Kan Manhajar Da Ta Mayar Da Tagwayena Mutum Ɗaya

Daga:
Mai gyaran firji,
Shago na huɗu, layin masu gyara,
Bayan tsohuwar tashar mota.

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga:
Mai girma Darakta,
Ofishin Rajista da Sa Ido Kan Ƙananan Kamfanoni,
Sashen Karɓar Ƙorafe-ƙorafe.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SHARE SUNAN ƊIYATA DAGA MANHAJAR KAMFANIN JIGILAR 'YAN MAKARANTA, DA HAƊARIN DA HAKAN YA JEFA YARANA A CIKI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana a gabanka. Ni ba gwanin rubutu ba ne. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, kuma wannan ce takarda ta huɗu da na fara, ukun farko na yaga su. Idan an ga kuskure a yi mini afuwa, a dubi maganar da ke ciki.

Ina da 'ya'ya mata biyu, tagwaye, shekarunsu bakwai, kamarsu ɗaya sak. Kakarsu, wato mahaifiyata, ita ta laƙaba wa ɗaya Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, ɗayar kuma Shiru, domin ko tuntuɓe ta yi sai dai ka ga jini. Da waɗannan sunaye zan kira su a nan. Sunayensu na yanka suna cikin takardun haihuwa da na haɗo da wannan takarda.

Shekara biyu ke nan wani ƙaramin kamfani mai motoci uku, wanda ke da rajista a ofishinka, yake kai mini su makaranta yana dawo da su. Mai kamfanin tsohuwar malamar makaranta ce, mutuniyar kirki. Direban layinmu dattijo ne, yara na ce masa Baba Direba. A da yakan tsaya a bakin ƙofar mota ya kira kowane yaro da sunansa, sai ya ga ƙeyar kowa sannan ya tayar. Ga abin da ya biyo baya:

1. A ranar Litinin, 15 ga Satumba, kamfanin ya koma aiki da wata manhaja ta intanet. Aka ɗauki hoton kowane yaro, aka ba shi kati mai igiya ya rataya a wuya. In yaro zai shiga mota, direba zai haska katin da wayarsa. In ta nuna kore ya shiga, in ta nuna ja ba ɗan motar ba ne. In an sauke shi kuma sai saƙo ya shigo wayar ubansa. Gaskiya ita ce na yi murna. Ina tsugune a bayan firjin mutane sai in ji wayata ta yi ƙara sau biyu, hankalina ya kwanta. Ban zo nan don in ce abin ba shi da amfani ba.

2. A ranar Litinin, 6 ga Oktoba, da safe, katin Shiru ya nuna ja. Baba Direba ya san ta tun tana kuka a kafaɗar uwarta, sai ya ce ta shige abinta. Da rana aka tura shi gareji da mota, aka aiko wani sabon direba ɗaukar yara. Ya haska katin Rediyo, kore. Ya haska na Shiru, ja. Ya kira ofis, aka duba aka ce masa yarinya ɗaya ce a wannan gida, kuma ta riga ta shiga. Sai ya ɗauka Shiru 'yar wata motar ce, ya ce ta koma ta jira. Rediyo ta yi ta ihu tana dukan gilashi tana cewa an bar 'yar'uwarta, yaran mota suna dariya suna cewa an kunna Rediyo. Direban ya ja mota.

3. Da ƙarfe biyu da minti goma saƙo ya shigo mini cewa an sauke yarinya gida lafiya. Ƙara ɗaya na ji, hannuna cikin injin firji, na ce na biyun yana tafe. Uwarsu tana wurin ɗinki sai yamma. Mahaifiyata kaɗai ce a gida, idonta ba ya gani sosai, waya kuma ba ta iya latsawa. Sai da ta dogara sanda ta je gidan maƙwabta ta jira aka samu mai kira. Ƙarfe huɗu saura kwata aka same ni. Ban san yadda na isa makarantar ba, ko shagon ban rufe ba.

Na tarar da ita a kan bencin maigadi, harabar makaranta ba kowa. Maigadin, Allah ya saka masa da alheri, ya ce ya yi ta tambayarta lambar wayar gidansu ba ta ce uffan ba. Tana zaune tana goge katin da gefen rigarta. Ta goge shi har hotonta ya fara dusashewa. Da na ɗauke ta, abin da ta ce kawai shi ne, “Baba, na goge shi, yanzu ba datti.” Ranka ya daɗe, a zatonta laifinta ne.

4. Washegari Talata, 7 ga wata, na je ofishin kamfanin. Sakatariya ta duba kwamfutarta ta yi salati. Ta yi mini bayani cewa tun farkon watan nan, kowace Lahadi manhajar tana share sunayen da take zaton an shigar sau biyu bisa kuskure. Tana duba ranar haihuwa, da sunan uba, da adireshin gida, da hoton fuska. Yarana kuwa duk huɗun iri ɗaya ne, don haka ta haɗe su ta bar ɗaya. Na ce mata ai ko ni da na haife su wani lokaci sai na duba tabon da ke haɓar Rediyo, amma ban taɓa cewa guda ɗaya na haifa ba. Ta ba ni haƙuri, ta sake shigar da sunan Shiru, ta ce an gama.

5. Ba a gama ba. Ranar Litinin, 13 ga wata, katin ya sake nuna ja, domin Lahadi ta zagayo. Baba Direba ya ɗauke ta duk da haka. Wannan karon, kafin azahar manhajar ta fitar masa da takardar gargaɗi cewa ya ɗauki yaron da ba ya cikin jerin motarsa. Ranar 20 ga wata aka maimaita, ya samu ta biyu. An gaya mini duk direban da ya tara uku, manhajar za ta rufe sunansa, kuma inshorar motar ba za ta amince ya sake tuƙi ba. Dattijon nan ya zo har shagona, hularsa a hannu, ya ce, “Ɗana, in ka ce in ɗauke ta zan ɗauke ta.” Mutumin da ya girme ni da shekara ashirin, mai iyali. Na ce masa a'a. Ban ga dalilin da zai sa a raba mutum da aikinsa don ya ƙi barin yarinya a titi ba.

6. Akwai wurin shigar da ƙorafi a cikin manhajar. Na rubuta a ranar 14, na sake a ranar 21. Duk biyun ba a yi awa ɗaya ba aka aiko mini cewa an warware matsalar, domin bayanai sun nuna an kai yarinyar gidan nan an dawo da ita lafiya. Har da tambayata ko na gamsu, in zaɓi taurari daga ɗaya zuwa biyar.

7. Na samu mai kamfanin da kanta. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce manhajar ba tasu ba ce, ta wani kamfani ce da ke nesa, ba ta taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Ta rubuta musu sau uku, sun ce za a duba a gyara na gaba, ba su sa rana ba. Babu wani maɓalli a ofishinta da zai hana sharewar. Ita kuma sakatariya aiki ya yi mata yawa, wani lokaci sai ranar Laraba take samun sukunin mayar da sunan. Sai suka ba ni shawara in yarda a ƙara wa Shiru kwana ɗaya a ranar haihuwarta, don manhajar ta ga bambanci. Na ƙi. Na farko, ƙarya ce, kuma ina tsaye a bakin ɗakin haihuwa aka fito mini da su, minti goma sha biyu ne tsakaninsu. Na biyu, da wannan bayani ake rubuta takardar inshora. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, za a ce yarinyar da ke cikin takarda ba ita ce tawa ba. Sakatariya ta ce ina da taurin kai. Wataƙila haka ne.

8. Daga nan na yanke shawarar duk ranar da katin ya yi ja, ni zan kai Shiru a babur in ɗauko ta, Rediyo kuma ta bi mota. Ranar Litinin, 27 ga Oktoba, tayata ta yi faci a hanya, na makara da kusan rabin awa. Ina wurin mai faci saƙo ya shigo cewa an sauke yarinya gida lafiya. Na isa makaranta, benci ba kowa. Maigadi ya ce ya ga ɗaya ta shiga mota, ɗayar kuma ya ɗauka ni na zo na tafi da ita. Na kira maƙwabta, suka leƙa gida suka ce Shiru ce ta dawo.

Abin da ya faru shi ne, da Rediyo ta ga ban zo ba, sai ta cire katinta ta rataya wa 'yar'uwarta, ta tura ta mota. Wayar ta nuna kore, hoto ya yi daidai. Ita kuma ta saɓa jaka ta kama hanyar gida a ƙafa. Tsakanin makaranta da gidanmu akwai babban titi mai hannu biyu wanda manyan motoci ke bi. A bakinsa na same ta, wata mai sayar da lemo ta riƙe mata hannu ta hana ta tsallakawa, ita kuma tana ta gardama cewa ta san hanya. Na ɗaga hannu zan mare ta, abin da ban taɓa yi ba, sai ta ce, “Baba, ni ina da baki, in na ɓata zan tambaya. Ita fa?” Hannun ya sauka da kansa.

Ina roƙon mai girma Darakta ya lura da wannan: a ranar da ɗiyata 'yar shekara bakwai take tsaye a bakin titin manyan motoci, manhajar ta rubuta cewa tana gida lafiya, da sunanta, da hotonta, da lokaci.

9. Tun daga ranar na cire su duka daga motar. Shiru ta daina yarda a rataya mata komai a wuya. Da uwarsu za ta kai su awo asibiti ranar Juma'a, ta tambaya ko can ma za a haska ta. Jiya kakarsu na raba musu lemo, sai ta ce a ba Rediyo kawai, ai su ɗaya ne. Kakar ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ni ban yi dariya ba.

Ranka ya daɗe, sana'ata gyaran na'ura ce. Duk firjin da na sani yana da wurin da mutum zai sa hannu ya kashe shi in ya rikice. Ban taɓa ganin na'urar da mai ita ke kallon tana ɓarna ya rasa inda zai taɓa ba sai wannan. Na kuma ji cewa makarantu da ƙananan asibitoci da dama suna shirin komawa irinta. Ba ni kaɗai Allah ya ba tagwaye ba.

Don haka nake roƙon ofishinka, cikin ladabi, da ya yi waɗannan:

(a) Ya rubuta wa masu manhajar da hatimin ofis, tunda ba sa jin muryar ƙaramin kamfani, a sa musu rana su daina share sunan kowane yaro sai mutum ya duba ya amince.

(b) Kafin a gyara, a umarci kamfanin ya dawo da kiran suna a bakin mota, a kuma ba direba ikon ɗaukar yaron da ya sani ko da waya ta nuna ja.

(c) A soke takardun gargaɗi biyu da aka ba Baba Direba.

(d) A hana rufe ƙorafin iyaye ba tare da wani ɗan Adam ya karanta shi ba.

Ba na neman a rufe kamfanin, ba na neman a kori kowa, har sabon direban, wanda abin da aka nuna masa ya bi. Ba na neman diyya. In an gyara, ina roƙon a ba Shiru sabon kati mai sabon hoto, domin na hannunta ta goge fuskarta daga jikinsa. Ina so in kai ta bakin mota da kaina, ta ga ya nuna kore a safiyar Litinin, bayan Lahadi ta wuce.

Na haɗo da kwafin takardun haihuwa guda biyu, da hoton saƙonnin da aka aiko mini, da tsohon katin. Ina roƙon ma'aikacin da zai shigar da takardun haihuwar a kwamfutar ofishinku ya duba su da idonsa. Za su yi kama da juna ƙwarai. Kada a cire ɗaya.

Allah ya ƙara wa mai girma Darakta lafiya, ya taya shi riƙon amanar da ke wuyansa.

Naka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Mai gyaran firji,
Mahaifin yara biyu.

Kwafi zuwa ga: Mai kamfanin jigilar 'yan makaranta.