Ƙofar da Kaka Ba Ta Roƙa Ba

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Na iso Bauranya. Baba ya ce in yi hutun nan duka a wurin Kaka, tunda ƙafarta ba ta gama warwarewa ba tun faɗuwar da ta yi a ƙarshen damina. Ban ce komai ba, kamar kullum. Na dai cusa littattafaina a ƙasan jaka, na rufe su da zannuwa.

Tana ganina ta ce, "Ga Malama mai littafi. Gadi aka turo ki yi mani?" Ta ja kumatuna har da zafi. Tana ƙamshin man shanu da hayaƙi, kamar yadda na san ta.

Maganar da ake ciki ita ce, Baba ya ce in ba a gyara gidan nan yadda ba za ta sake faɗuwa ba, kafin ruwa ya sauka za ta koma wurinmu Kankia. Ita kuwa ta ce gawarta ce za ta bar Bauranya. Ni ta faɗa wa. Baba ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, "wancan" take ce masa, balle ta yi masa musu.

Litinin, 7 ga Afrilu

Yaya Zainu ya zo daga Katsina da igiyar awo a aljihu. Tun da ya yi kwas ɗin kula da ayyuka a kamfanin ginin da yake aiki, ko shayi za a dafa sai ya tsara. Kaka ta ce, "Angona ya zo hannu rabbana, ko goro babu." Ya ce ai gida sabo zai yi mata. Ta ce ta ji irin wannan a bakin samari tun kafin a haifi ubansa.

Da yamma ina riƙe masa bakin igiya ya yi ta koya mini abin da ban tambaye shi ba. Wai kowane aiki abu uku ne, kuma mutane na cakuɗa su. Akwai buƙata, akwai abin da za a miƙa, akwai sharaɗin karɓa. Ya ga ban gane ba. Ya ce, "Ulfa, in kina jin yunwa, buƙata ke nan. Tuwon da Umma ta ajiye miki, shi aka miƙa. Amma in ya huce, miya ba gishiri, kin karɓa?" Na ce a'a a hankali, ko da yake ni ci zan yi in yi shiru.

Ya ce buƙatar nan a fili take, Baba ya faɗa: kada Kaka ta sake faɗuwa. Abin da zai miƙa: daɓen siminti daga ƙofar ɗakinta zuwa banɗaki, ƙarfen dafawa a gefe, da toshe wurin da katanga ta zube ta wajen gidan maƙwabciyarta Iya Kubura, don tubalan da suka warwatse a nan na iya kayar da mutum. Sharaɗin karɓa kuma, Kaka ta duba ta ce ya yi.

Yana burge ni in yana magana haka. Ba zan gaya masa ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Zafi. Na kwanta a inuwar dalbejiya da littafi. Jarumin ya sayo wa yarinyar mota ba ta roƙa ba, ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta. Na karanta wurin har na haddace. Wai akwai maza irin haka? Ko a Kano suke duka?

Asabar, 12 ga Afrilu

Malam Labaran magini ya gama. Daɓe sumul, ƙarfe an shafa masa koren fenti, katanga ta tashi da bulo har ta fi ta da tsawo. Baba ya zo daga Kankia takanas. Aka fito da Kaka, ta dubi daɓen, ta dubi ƙarfen. Katangar ta fi daɗewa tana kallo. Sannan ta ce, "Madalla. Allah shi yi albarka. Allah shi ba ku masu yi maku."

Yaya ya kalle ni ya ɗaga gira, wato an karɓa. Baba ya yi murmushi, abin da ba ya yawan yi. Suka tafi kafin la'asar.

Talata, 15 ga Afrilu

Kaka ba ta taɓa ƙarfen. Da rana ta doke shi ko ni ba na iya dafa shi, kamar murfin tukunya. Da sandarta take bi ta gefen daɓen, ta kan ƙasa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Wani abu na damun Kaka, ban san mene ne ba. Ta daina tsokanata. Jiya na bar littafi a kan tabarmarta da gangan don ta ce "wannan ƙaryar ta 'yan birni", ba ta ko kalle shi ba. Tuwo loma kaɗan, ta ture.

Kullum da hantsi tana dama fura a ƙwarya biyu. Na ɗauka ɗaya tawa ce. Yau na ga ta ɗauki ƙaramar, ta taka har gindin sabuwar katanga, ta tsaya. Ta ɗaga murya, "Kubura! Kin tashi lafiya?" Daga can aka amsa, ban ji me aka ce ba, ita ma ba ta ji ba. Ta daɗe a tsaye. Ta juyo ta gan ni, sai ta ce wai iska take sha.

Ta miƙo mini ƙwaryar. "Zagaya ki kai mata."

Zagayen ba kusa ba ne. Sai ka fita ta zaure, ka wuce mazan da ke zaune a dakali, ka bi lungu mai kwazazzabo, sannan ka iso ƙofarsu da ke kallon ɗaya hanyar. Na gaishe da mazan ban ɗaga kai ba, na wuce da sauri.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Yau ma ni na kai. Iya Kubura ba ta gani sosai, yanar ido ta kama ta. Ta shafa fuskata ta ce hancin Adama ne sak. Ban taɓa jin an kira Kaka da sunanta haka tsirara ba.

Ta ce shekara ɗaya aka kawo su garin nan suna amare. Tun da katangar ta zube ba wanda ya gyara, don su ba su so a gyara ba. Ta nan Kaka ke tsallakowa kullum da fura, su zauna har azahar. Sai ta rage murya, "Ai nan ta faɗi, ɗiyar ga. Tana tsallakowa da ƙwarya, ƙasa ta jiƙe. Ta ja jiki ta koma bakin banɗaki kafin ta yi kira, don kada ubanki shi ce ni na jawo, shi hana ta zuwa." Ta kama hannuna. "Kada ki faɗa. Ta sa na yi alkawari."

To ni ban yi alkawari ba. Amma kuma ban ce ba zan yi ba. Shiru na yi, kamar kullum.

Na dawo na buɗe littafi, na kasa. Jarumin yanzu gida ya gina mata mai bene. Sai na ji ina tambayar kaina, wai ya taɓa tambayarta inda take son zuwa? Astagfirullah, Yaya ya lalata mini karatu.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ban taɓa yin rana irin ta yau ba.

Baba da Yaya sun zo. Baba na ganin Kaka fuskarsa ta canza, don ta rame, kowa zai gani. Ya zauna nesa da ita kamar yadda ya saba, yana kallon ƙasa, ya ce an yi gyara amma jiki ya ƙi, zaman kaɗaici ne ba ya yi mata. Ya ce in haɗa mata kaya, jibi zai turo mota. Kaka ta ce, "To." Shi ke nan. Tana murza bakin zaninta.

Ina bakin ƙofa da butar shayi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na kasa kallon Baba, sai na ce, "Yaya."

Duk suka juyo. Na so ƙasa ta tsage.

Na ce, "Ka ce buƙata daban, abin da aka miƙa daban. Wa ya faɗi buƙatar?" Ya ce Baba. Na ce, "Ita fa?" Ya ce ai ta duba ta ce ya yi. Na ce Kaka ko dutse ka ba ta a leda za ta ce Allah shi yi albarka. Ran sallah Umma ta aiko mata da takalmi ƙafa ɗaya ya fi ɗaya girma, albarka ta sa, yana nan ƙarƙashin gado.

Baba ya ce, "Ulfa, me kike son faɗa?" Ban tuna rabon da ya tambaye ni haka ba.

Sai na faɗa. Katangar, furar, inda ta faɗi na gaskiya. Muryata na karkarwa kamar ta akuya. Kaka ta ce, "Ke! Munafukar Allah!" ta jefo mini mafici, bai same ni ba.

Na saci kallon Baba. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya miƙe ya ce zai je masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba. Daga baya na gane, fita ya yi don ta samu bakin magana.

Yaya ya matsa kusa da ita ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Amarya, na yi miki gini ban tambaye ki ba. Yanzu na tambaya. Me kike so?" Ta ce ba ta son komai. Ya ce to zai ƙara wa katangar tsawo. Ta ce, "Ka ƙara ka gani in ban sake ka ba." Daga nan ta fara, tana kallon bango: ita dai ta ga Kubura. Matar nan ba ta gani, surukarta na gona, wa zai ce mata ga rana ta yi, matsa inuwa?

Ya ce, "To ta yaya zan san aikin ya yi? Kada ki ce mini albarka, na ƙoshi da ita." Ta harare shi. Ta ce, "In na kai mata fura da hannuna, ban zubar ba, ba wanda ya riƙe ni."

Da Baba ya dawo Yaya ya faɗa masa. Baba ya ce ya yarda, amma da idonsa zai gani, kuma in ta kasa, mota na nan. Kaka ta ce wa bango, "A gaya wa wancan na ji."

Ba ta yi mini magana ba har magariba. Sannan ta turo mini ƙwaryarta da sauran fura a ciki.

Laraba, 23 ga Afrilu

Malam Manu, ɗan Iya Kubura, ya yarda a fasa ƙofa a katangar, ya ce shi ma ya gaji da jin tsohuwa na kiran Adama cikin barci. Malam Labaran ya dawo yana mita, wai bai taɓa rushe aikinsa tun fenti bai bushe ba.

Wannan karon Yaya ya sa Kaka ta taka a gabansa da ƙwarya kafin a kafa komai. Ashe da dama take riƙe ƙwarya, don haka madafi sai ta hagu. Ni na ce a yi na itace saboda rana. Na faɗa da ƙarfi, a gaban magini! Malam Labaran ya ce, "Injiniya ta yi magana." Na gudu ɗaki.

Ba dokin ƙofa, ba tudu, kuma daɓen an bar shi da kaushi.

Asabar, 26 ga Afrilu

Hadari ya taso ta gabas tun safe amma bai zubo ba. Baba ya zo. Ya tsaya can bakin zaure kamar ba kallo yake ba.

Kaka ta dama fura, ta cika ƙwarya fal, da gangan na sani. Ta ajiye sanda. Hagu a kan itace, dama da ƙwarya. A tsakiya ta tsaya, ƙafar ta ɗan yi rawa, na ga Yaya ya yunƙura, na riƙe masa riga. Ta ci gaba. Ta shige.

Muka ji Iya Kubura ta rangaɗa guɗa da muryarta ta tsufa, sai dariya, sai faɗa, wai furar ta yi tsami.

Ba ta dawo ba sai bayan azahar. Yaya na jira a gindin dalbejiya. Ya ce, "To, amarya?" Ta ce, "Ƙofar ta yi ƙunci. Itacen kuma ba a goge shi ba, zai ci mani hannu. Aikin samarin yanzu." Ta wuce ɗaki. Ko albarka ɗaya ba ta sa ba.

Yaya ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Baba ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta. Da zai tafi ya ce in gaya mata ya sallami mai mota. Sannan ya ce, "Ke kuma, in kin ga wani abu, ki riƙa faɗa." Na ce to.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ruwan farko ya sauka da asuba. Kaka ta je ta dawo, ƙafarta ko taɓo.

Jibi zan koma Kankia. Littafin nan saura kaɗan in gama, yana ƙarƙashin filo tun ran Juma'ar can. Zan gama shi, ba wai na daina ba ne. Kawai dai jarumin ya cika kawo kaya.

Yau da na fita sayo sukari na gaishe da mazan dakali, ɗaya ya tambaye ni jikin Kaka, na tsaya na ba shi amsa har da ƙarin bayani. Sai da na dawo gida na tuna ban sunkuyar da kai ba. Zafi ne ya sa, ina jin.