Hannun Baba a Gefen Takarda

Buea, 4 ga Yuli

Iya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar taki da wannan ruwa da ya ƙi ɗaukewa? Ni lafiyata lau, kwakokon da kika aiko, alalar gwazan nan, ya iso.

A ma'ajiyar tarihi yanzu aikina sa tsofaffin takardu tsakanin leda biyu masu haske, in liƙe gefe, don danshi na cinye su. Masu rubutun fensir sun fi wuya, ko yatsa ya goga sai rubutun ya tafi.

Jiya na buɗe jakar takardun gonar ayabar da Baba ya yi wa magatakarda. Na tarar da sunayen leburorin da aka kora bayan yajin aiki. An ja layi da fensir ƙarƙashin sunayen mutum tara, a gefe an rubuta cewa su ne suka kira taro. Iya, hannun Baba ne, har da sa hannunsa. Na huɗu a cikinsu Mola Ekema ne, tsohon maƙwabcinmu, wanda ya ɗauki akwatin gawar Baba.

Kin sani?

'Yarki,
Limunga

Buea, 19 ga Yuli

Iya,

Ina fatan kin samu sauƙi. Wasiƙarki ta zo, na karanta ta a tsaye. Kin ce lokacin kina da cikin yayana, kuma an ce wa Baba ko ya ba da sunaye ko ku bar gidan gona a ranar. Kin roƙe ni in goge.

Ba zan ɓoye miki ba, na ɗauki magogi, ba kowa a ɗakin. Na daɗe ina kallon sunayen. Mutum tara aka kora ba a gaya musu dalili ba, wannan layin kaɗai ya rage da ke faɗa. Na ajiye magogin, na shimfiɗa ledar a hankali, na liƙe. Ki yafe mini.

Ranar Lahadi bayan coci na je wurin Mola Ekema, don kada ya ji a bakin wani. Yana ɓare agushi a baranda na gaya masa, bai ko dakata ba. Ya ce manaja ya nuna masa takardar tun ranar da aka kore shi.

Na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce, "'Yata, ubanki ya zo kafin a yi, ya tambaye mu. Mu tara muka ce ya rubuta, mu ba mu da mai ciki a gida."

Wannan kam babu shi a takardar. Gobe zan koma da biro, ya faɗa in rubuta.

Ki gaida Iya Eposi.

'Yarki,
Limunga