Babur Mai Ɗaukar Ni da Anti Suweiba

Litinin, 11 ga Yuli, 2016

Na sake makara. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin D ya tsaya cikin rami ba wanda ya ce mana don me, na layin E kuma ya tashi ina kan matakala. Daga unguwarmu ta Grand Concourse zuwa ofis a unguwar Jamaica da ke Queens, duk a nan New York, kusan awa biyu. Manaja ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta tuna min har yanzu ina watannin gwaji, kuma kayan da ake lodi a filin jirgin sama na JFK ba sa jiran mai lissafi. Aikina na farko bayan digiri. In suka sallame ni ban san da wane baki zan gaya wa Umma ba.

Mota ba ta yiwuwa, babu wurin fakin a unguwarmu. Babur?

Ni, Balki, da nake riƙe ƙarfen jirgi da hannu biyu ko ina zaune.

Laraba, 13 ga Yuli

Na kira Yaya Haisam a Manchester, shi ne mai babur a gidanmu. Da ya gama dariya ya ce in kwantar da hankalina, mai koyo ba a barinsa ya hau babur mai injin da ya wuce cc 125, ƙarfin doki bai kai sha biyar ba. Wai ko na so in kashe kaina injin ba zai ba ni haɗin kai ba. Na ji daɗi. Ina son doka mai iyaka. Na ware babura uku da suka shiga ƙa'idar, na zaɓi wanda ya fi rauni a cikinsu.

Na roƙe shi kada ya gaya wa Umma.

Talata, 19 ga Yuli

Na ci jarrabawar rubutu, an ba ni takardar izinin koyo. Amma akwai matsala.

New York ba ta da iyakar ƙarfin inji ga mai koyo. Babu. Dokar Ingila ce Yaya ya karanto min, ni kuma na kwana shida ina gina rayuwata a kanta ba tare da na duba ba. Ni da nake duba ranar lalacewar gishiri. Na tambayi matar da ke kantar ofishin lasisi sau biyu. Ta ce in na ga dama in sayi wanda ya fi kowane girma a shago, sannan ta kira na bayana.

Abin da dokar nan ta ce daban ne. Dole wani mai cikakken lasisin babur, ɗan shekara ashirin da ɗaya ko fiye, ya kasance kusa da ni, kada ya wuce rubu'in mil. Ba goyo, sai dai shi mai kula da ni ɗin. Kuma an hana ni manyan gadojin da ke kai mutum Queens. Wato ofis ɗin da na sayi wahalar nan dominsa ba zan iya zuwansa ba sai na ci gwajin titi.

Na yanke shawara zan bi dokar Ingila don kaina. In gwamnatin nan ba ta damu da wuyana ba, waccan ta damu.

Jumma'a, 22 ga Yuli

Neman mai lasisi. Na tambayi maza uku a benenmu. Duk direbobin tasi ne, duk sun ba ni shawarar in yi aure ko in tashi da wuri. Malam Abukari na hawa na huɗu, mutumin Gana, ya saurare ni har ƙarshe ya yi ajiyar zuciya, ya ce in je in ga matarsa, amma kada in ce shi ya turo ni.

Anti Suweiba. Na san ta a ɗakin wanki kawai, mai aikin kula da tsofaffi, mai ciwon gwiwa. Ta zaro lasisin daga jaka kamar dama jira take. A garin Tamale na Gana ta girma, inda ta ce mace ba ta tambayar kowa kafin ta hau moto (haka suke kiran babur). Da ta zo ƙasar nan ta yi lasisin tun kafin ta sayi gado, amma da an zo maganar sayen babur sai mijinta ya yi ta cewa badi, badi. Shekara goma sha ɗaya kenan.

Na yi mata bayanin rubu'in mil, na ce za ta iya zama a kujera bakin titi ina zagaye layi. Ta kalle ni.

"Ni zan zauna a rana da gwiwar nan ina kallonki kamar mai gadin awaki? Ba kin ce doka ta yarda in hau baya ba?"

Ta yarda. Na duba sau uku da fatan ba ta yarda ba.

Asabar, 23 ga Yuli

Shagon babura. Na nuna wa mai sayarwa na cc 125 ɗina, ja, ɗan ƙarami, ƙafafuna biyu sun taka ƙasa sarai. Na ji kamar an ɗinka min shi. Sai Anti ta tattare zaninta ta hau baya.

Babur ɗin ya yi wani kuka ya durƙusa. Ni na dawo kan tankin mai, haɓata kusa da madubi. Mai shagon ya juya baya yana gyara hulunan kwano da ba su karkace ba. Anti ta ce a Tamale irin wannan ake sai wa yaro in ya ci jarrabawa.

Na kawo hujjojina, ƙarfin doki, nauyi, abin da bincike ya nuna kan masu koyo. Ta bar ni na gama. Ta tambaye ni, gadar da zan riƙa hawa kullum, motoci a guje suke ko a hankali? A guje. Da iska? Da iska. Manyan motocin kaya? Wannan lissafin na yi shi tun jiya na ƙi yarda da amsar. Ƙaramin zai kai, amma da ƙyar, tirela a bayana tana huci.

Ita tana son wani baƙin dodo mai cc 650. Na ce wallahi sai dai a sallame ni daga aiki. Muka tsaya a 300, na hannu, shuɗi. Ya ninka iyakar Ingila fiye da sau biyu. Na sa hannu ina karanta Hasbunallahu.

Lahadi, 24 ga Yuli

Ban taɓa shi ba. Na leƙa shi ta taga.

Lahadi, 31 ga Yuli

Babur ɗin ya mutu min sau tara a filin bayan makaranta. Anti ba ta koyarwa da baki, da gwiwa take yi. Ta dama in za a karya dama, ta hagu in hagu, duka biyun in ina tafiyar hawainiya. Ta ce ina sakin kuloci kamar mai ba da bashi.

Ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano yana zamewa. Ta nuna min ɗaurin matan garinsu. Bai motsa ba.

Lahadi, 7 ga Agusta

Na fara gane cewa darasin namu kullum yana ƙarewa a ƙofar shagon doya da manja. Yau da buhun garin kwaki muka dawo a tsakaninmu.

Asabar, 20 ga Agusta

Mun yi faɗa. Akwai suna a Jamaica, 'yar ƙawarta ta haihu, ta ce mu je a babur, dama ai hanyar ofis ɗina ce. Na ce gada haramun ce gare ni. Ta ce wa zai sani, ɗan sanda yana leƙa jakar mutum daga nesa? Na ce ni zan sani. Ta kira ni lauyan Ingila, ta tafi a jirgi da kwanon abinci tana mita.

Da yamma ta turo min soyayyen nama da yaji, ba saƙo. Na ɗauka an shirya kenan.

Makara ɗaya a makon nan. Manaja ta kalli agogo ta kalle ni. Saura mako uku su yanke hukunci.

Laraba, 7 ga Satumba

Gwajin titi. Doka ta ce in kawo mota da direba da za su ɗauki mai gwaji su biyo ni, don haka Malam Abukari ya zo da tasinsa, fuska ba walwala. Anti ta shige gidan baya ba wanda ya gayyace ta. Ni kaɗai a kan babur karo na farko a titi. Ya yi sauƙi har ya ba ni tsoro, na yi ta jiran gwiwar da ba ta zo ba. A kwanar titi ta biyu na gane ni ce nake karyawa da kaina.

Na ci. Malam Abukari ya ce duk tsawon hanya matarsa tana dukan bayan kujerar mai gwajin da gwiwa, dama, hagu, har mutumin ya roƙe ta.

Ta ce yanzu ranar Lahadi babur ɗin nata ne, ni a baya.

Alhamis, 8 ga Satumba

Gadar Whitestone. Iska ta kama ni a tsakiyar gada, ruwa can ƙasa, wata tirela a gefena. Na murɗa totur na wuce ta. Don tsaro ne, bai kamata a jera da babbar mota ba.

Na isa ofis ko mai gadi bai gama shayinsa ba. Tunda akwai lokaci sai na zarce wajen filin jirgi na zagayo, don injin ya saba. Sau biyu. Na shiga daidai lokaci, manaja ta ga hular a hannuna ta ce yawwa.

Gobe ta Throgs Neck zan bi. An ce ta fi nisa kaɗan, gara in tabbatar da kaina.