Damin geron Ayuba

Daren Talata, farkon kaka, bakin ruwa kusa da Wara.

Barci ya ƙi zuwa. Zazzaɓin ɗiyar Ayuba har yanzu bai sauka ba.

Ni na tsaya a coci na ce nunan fari na Ubangiji ne. Ayuba, dattijon ikkilisiyarmu, ya ɗauki maganar da gaske. Ranar Lahadi ya kawo damin sabon gero ya ajiye gaban bagade. A garin nan kuwa ba mai taɓa sabon hatsi sai mai tsafi ya fara ɗanɗanawa, mai tsafin kuma wan Ayuba ne. Washegari yarinya ta kwanta. Yanzu kowa na cewa hushin kakanni ne. Addu'ar yamma yau, ko waƙa mata sun kasa ɗagawa.

Na je gidan Ayuba. Innar yarinyar ko kallona ba ta yi ba. Na ce da asuba mu shiga jirgin ruwa mu kai ta asibitin Yelwa. Na yi addu'a murya na rawa, ni da nake ce masa kada ya ji tsoro.

Ya rako ni ƙofa, ya ce, "Fasto, ban yi da-na-sani ba. Amma kai in abu ya ɓaci, manyanka su ɗauke ka su kai Sakkwato. Ni nan za a binne ni, kuma wana ne zai haƙa kabarin."

Na kama hanyar gida.

Ya Ubangiji, ka tashe ta. Geron yana nan a coci. Ni ma na kasa taɓa shi.