Direban da Bai San Baba Ba

Fatakwal, Agusta 1998

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Ya su Mansura? Ni lafiya lau, aikin gadi ba wuya, sai dai rashin abokin hira.

Duk ɗan Arewan da na tambaya labarinku, cewa yake ya san ku, kuna lafiya, don dai in ji daɗi. Jiya na tare wani direban tirela, ɗan Tsafe. Ya ce, "Malam, ban san mahaifinka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na ratsa Bungudu, gero ya kai ƙugu."

Tun zuwana, labarin gida na farko ke nan da na yarda da shi.

Shi na ba takardar nan. A ba shi fura, a nuna masa Baba, don in ya dawo in tambaye shi.

Ɗanki,
Anas