Fenti a Kan Lema

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna da yara? Ni lafiya lau, tari ne kawai, shi ma da sauƙi.

Bangon ɗakina na ƙarƙashin ƙasa ke yoyo. Mai gidan, sakarai, ya shafa fenti a kan lemar, wai ya gyara! Na ce masa ni 'yar magini ce, daga waje ake tare ruwa. Na karkatar da indararon da kaina, amma tsagar tana nan. Littattafaina sun koma kan gado, tare muke kwana.

Don Allah rubuto mini yadda Baba yake kwaɓa simintin toshe tsaga. Ni da nake miƙa masa cebur, yau na manta. Wannan ya fi ruwan ƙona mini rai.

Allah ya bar mu tare,
Ƙanwarka